Biyayyar Bawa da Biyayyar Ɗa

Yawancinmu da muka taso a cikin ikilisiya mun haddace Dokoki Goma tun muna makarantar Lahadi. Mun sake bitarsu a ajin baftisma, mun kuma sha jin wa'azi a kansu. Idan aka tsayar da ɗayanmu a ƙofar majami'a aka tambaye shi abin da Allah ya hana, zai jero su ba gargada. Amma akwai tambayar da ba kasafai ake yi mana ba, mu ma ba mu cika yi wa kanmu ba: me ya sa muke kiyaye su? Mutum biyu za su iya zama a benci ɗaya ranar Lahadi, ba mai sata a cikinsu, ba mai zina, kowa yana fitar da ushirinsa a kan kari. Ɗaya yana yi ne don kada bala'i ya auka masa. Ɗayan kuwa ya san wanda ya cece shi, ba ya so ya ɓata masa rai. A ido ba ka ganin bambanci. A gaban Allah, da kuma cikin zuciyar mutumin idan ya kwanta da dare, tazarar tana da faɗi ƙwarai.

Kafin mu yi nisa, bari mu kawar da wani ruɗani. Ba mu zo rage wa tsoron Allah daraja ba. A ƙasarmu, da Kirista da Musulmi, idan aka ga mutum zai ci amana sai a ce masa ya ji tsoron Allah, kuma da wuya a sami yabon da ya wuce a ce wane mai tsoron Allah ne. Littafi Mai Tsarki ma haka ya ɗauke shi. Littafin Karin Magana ya ajiye tsoron Ubangiji a matsayin ƙofar shiga hikima. A sura ta farko ta littafin Fitowa, ungozomomi biyu sun ƙi bin umarnin Fir'auna na kashe jarirai maza na Ibraniyawa, kuma dalilin da aka bayar shi ne tsoron Allah. Sai dai a Sabon Alkawari, manzo Yohanna a wasiƙarsa ta fari, sura 4, ya koyar da cewa ƙauna idan ta nuna takan fitar da tsoro waje, domin tsoro a ɗaure yake da hukunci. Bulus ma a Romawa 8 ya tuna wa masu bi cewa Ruhun da suka karɓa na zaman 'ya'ya ne, ba na bauta ba da zai sake jefa su cikin fargaba. To, yaya littafi ɗaya zai yabi tsoro a nan, ya kore shi a can?

Amsar tana cikin labarin Dutsen Sina'i kansa. Bayan an ba da Dokoki Goma, jama'a suka ga walƙiya da hayaƙi, suka ji tsawa da ƙarar ƙaho, suka ja da baya jiki na rawa, suka roƙi Musa ya zama shi ne mai yi musu magana don kada su mutu. Abin da Musa ya amsa musu a Fitowa 20:20 ya cancanci a dakata a kansa. A numfashi ɗaya ya hana su firgita, ya kuma shaida musu cewa Allah ya zo ne domin tsoronsa ya zauna tare da su ya tsare su daga zunubi. Ashe tsoron iri biyu ne. Akwai mai sa mutum ya guje wa Allah, akwai mai sa ya guje wa zunubi domin ba ya so ya rabu da Allah.

Magabatan ikilisiya sun daɗe da lura da wannan. Basil, bishop na Kaisariya a ƙasar da ake kira Turkiyya a yau, wanda ya rasu a shekarar 379, ya kasa masu biyayya gida uku. Na farko yana barin mugunta don tsoron bulala. Wannan halin bawa ne. Na biyu yana aikata nagarta don hangen lada, kamar ɗan ƙodago mai jiran yamma ta yi a sallame shi. A wurinsa don tuwon gobe ake wanke tukunya. Na uku yana bi ne domin abin da aka umarta mai kyau ne, kuma yana ƙaunar wanda ya umarta; wannan halin ɗa ne. Malaman da suka biyo baya, irin su Thomas Aquinas a ƙarni na 13, sun riƙa amfani da sunaye biyu. "Tsoron bayi" shi ne fargabar azaba kawai, wadda in da za a ɗauke azabar, mutum zai koma ga laifin da gudu. "Tsoron 'ya'ya" kuwa shi ne girmamawa da kunyar saɓa wa Uba, kuma shi ƙaruwa yake yi yayin da ƙauna ke ƙaruwa.

Kada mu ɗauka tsoron bayi ba shi da wani amfani. Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba yanzu a Aljeriya, ɗan Afirka ne ɗan'uwanmu da ya rayu tsakanin 354 da 430. Da yake wa'azi a kan wasiƙar Yohanna ta fari, ya kwatanta tsoro da allura, ƙauna kuma da zare. Allura ce ke huda yadi ta buɗe hanya, amma dole ta fita kafin zare ya zauna, kuma zaren ne ke riƙe ɗinki. Duk wanda ya taɓa zama kusa da tela ya san ba a barin allura a cikin riga a ba mai ita ya sa. Mutane da yawa tsoron mutuwa da shari'a ne ya fara girgiza su suka nemi Allah, kuma babu abin kunya a cikin hakan. Yesu da kansa ya yi gargaɗi a kan hukunci, bai ɓoye ba. Koyarwar Katolika ma ta yarda cewa nadamar da ta taso daga tsoron hukunci baiwa ce daga Allah, ko da yake ba ta kai nadamar da ta taso daga ƙauna ba. Matsalar ita ce mutum ya shekara talatin a ikilisiya, har ya yi furfura, allurar tana nan cake, zare bai taɓa shiga ba.

Abin da ke kawo wannan, a ganina, yawanci rashin sani ne na yadda Allah ya jera al'amarinsa. Mu duba inda Dokoki Goma suka faɗo a cikin labari. Allah bai aika wa Isra'ilawa dokoki a Masar ya ce in sun kiyaye zai fitar da su ba. Ya fara fitar da su tukuna, ya ratsa da su teku, ya ciyar da su da manna, ya shayar da su daga dutse, sannan ya kawo su Sina'i. Ko dokokin ma da tunatarwa suka buɗe, cewa shi ne wanda ya fisshe su daga gidan bauta. Ceto ne a gaba, doka tana biye. Mu kuwa sau da yawa mukan haddace wa yara "kada, kada, kada", mu tsallake jimlar da ta ɗauki nauyin dukan sauran.

Masu gyaran ikilisiya na ƙarni na 16 sun riƙe wannan jeri da kyau. Katakizim na Heidelberg, littafin tambaya da amsa da aka wallafa a Jamus a 1563, wanda ikilisiyoyin Reformed ke amfani da shi har yau, an kasa shi uku: baƙin cikin zunubi, kuɓuta, da godiya. Bayanin Dokoki Goma a kashi na uku aka sa shi, ƙarƙashin godiya. Wato kiyaye doka amsar wanda aka riga aka cece shi ce, ba kuɗin sayen ceto ba. Martin Luther kuma, a ƙaramin katakizim nasa na 1529, wanda 'yan'uwanmu Lutheran na Numan da sauran wurare suka sani sarai, ya gina bayanin dokokin a kan abu biyu tare, tsoron Allah da ƙaunarsa, bai raba su ba. Dukansu daga bakin Yesu suka ɗauko. A Matiyu 22 ya rataye Attaura da annabawa duka a kan ƙaunar Allah da ƙaunar maƙwabci, a Yohanna 14 kuma ya nuna cewa kiyaye umarninsa abu ne da ke tsirowa daga ƙaunarsa.

Wani zai ce, in dai mutum ya bar sata, ina ruwanmu da dalilinsa? Akwai ruwanmu, domin biyayyar tsoro iyakarta inda ido ya tsaya. Mu ɗauki wata mai sayar da hatsi a kasuwar ƙauye. Tana da mudu biyu a gindin buhu, ɗaya lafiyayye, ɗaya an ɗan buga gindinsa ya shiga ciki. Idan matar fasto ce ta zo, ko wata 'yar zumuntar mata da za su haɗu ranar taro, sai ta ɗauko lafiyayyen, ta cika shi har ya yi tozo, ta ƙara gyara da tafin hannu. Idan baƙo ne da ya sauko daga mota, wanda ba za ta sake ganinsa ba, hannunta ya san inda ɗayan yake. Ta san littafin Firistoci sura 19 ya hana ma'aunin zamba, ta ji an karanta. Abin da take tsoro shi ne a kama ta, kuma a lissafinta hukuncin Allah yana da nisa, akwai lokacin tuba kafin nan. Wadda ta san alherin da aka yi mata kuwa mudu ɗaya gare ta, domin baƙon nan ma mutum ne da Kristi ya mutu dominsa. Yusufu a gidan Fotifar, sa'ad da matar maigidansa ta neme shi da lalata, babu wanda ke kallonsa, babu dattijon ikilisiya, babu ɗan'uwa ko ɗaya a ƙasar. Abin da ya tsare shi shi ne amanar maigidansa da kuma nauyin yi wa Allah laifi. Ofisoshinmu da kasuwanninmu suna cike da masu zuwa sujada, amma cin hanci bai ragu ba. Wani ɓangare na dalilin yana nan: mun iya aikin ganin ido.

Tsoro kuma yakan sa mutum ya riƙa neman mafi ƙanƙantar abin da zai yi ya tsira. Malaman ajin matasa sun san irin tambayoyin nan. "Malam, zuwa ina ne saurayi da budurwa za su kai kafin ya zama zunubi?" "Baba Fasto, ushirin daga albashi ne kafin a cire haraji ko bayan an cire?" Tambayoyin ba laifi ba ne, a amsa su da haƙuri, amma sukan nuna zuciyar da ke neman bakin iyaka don ta tsaya daf da shi. Ƙauna ba ta lissafi haka. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, Yesu bai yi masa wa'azin wuta ba. Gidansa ya shiga ya sauka, alhali jama'a suna gunaguni. Shari'ar Musa, a Littafin Ƙidaya sura 5, ta nemi wanda ya amsa laifin cuta ya mayar da abin ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Zakka da bakinsa ya yi alkawarin ninki huɗu, ya kuma ba matalauta rabin dukiyarsa. Babu barazanar da za ta iya fitar da wannan daga hannun mai kuɗi.

Akwai wata illa da ta fi waɗannan ɓoyuwa, kuma ita ta fi kama mu masu daɗewa a ikilisiya. A misalin ɗa ɓatacce a Luka 15, hankalinmu yakan tafi ga ƙanen da ya lalatar da gādonsa. Amma mu dubi wan. Bai taɓa barin gida ba, bai taɓa ƙetare maganar mahaifinsa ba. Da ya dawo daga gona ya ji kiɗa, ya ƙi shiga, kuma da ya buɗe baki sai ya bayyana cewa duk shekarun nan kallon bauta yake yi wa zamansa a gidan. Yana aiki yana ƙirga abin da ba a ba shi ba. Shi ya sa dawowar ƙanensa ta zame masa abin haushi. Wanda ke bi da tsoro yakan ji a ransa cewa masu zunubi suna morewa shi yana wahala, don haka idan aka gafarta musu sai ya ga kamar an cuce shi. Daga nan ne tsegumi da taurin zuciya ke shigowa cikin jama'ar Allah. A misalin talanti kuma, a Matiyu 25, bawan da ya binne kuɗin maigidansa ya faɗi dalilinsa da kansa: ya ɗauki maigidan mutum ne mai tsanani, sai ya ji tsoro. Bai saci ko kwabo ba, bai kuma amfana wa kowa kome ba.

Dole mu faɗi wata gaskiya mai ɗaci. Mutumin da ke rayuwa cikin fargabar Allah yana da sauƙin cuta. Idan aka gaya masa cewa ciwon ɗansa ko karyewar jarinsa la'ana ce saboda ya yi jinkirin ushiri, zai ciyo bashi ya kawo. Idan wani mai kiran kansa annabi ya ce ya ga mutuwa tana bin sa, sai an yi addu'a ta musamman da kuɗi kaza, zai sayar da akuyarsa. Bayarwa aikin ibada ce, ikilisiya kuma ba ta tafiya sai da ita. Amma Bulus a 2 Korintiyawa 9 ya hana bayarwar dole da ta ɓacin rai, ya ce mai bayarwa da murna Allah ke so. Da yawa daga masu wa'azin tsoratarwa ba mugunta ce ke sa su ba. Haka aka koya musu, kuma sun ga yana kawo sakamako nan take. Gaskiya ne yana kawowa, amma ba ya daɗewa, kuma yakan bar jama'a suna ganin Allah kamar mai bin bashi.

Sai dai kuma a kula da ɗaya gefen. Akwai masu jin an ce "ƙauna" sai su ɗauka an sassauta doka, kowa ya yi abin da ya ga dama tunda alheri ya yalwata. Bulus ya rufe wannan ƙofa a Romawa 6. Ƙauna ta fi tsoro neman abu mai yawa a wurin mutum. Doka ta hana kisa, Yesu a Matiyu 5 ya kai maganar har ga fushi da zagi. Doka ta hana zina, ya kai ta har ga kallon sha'awa. Wanda ya ce yana ƙaunar Allah amma yana dukan matarsa, ko yana danne haƙƙin mai yi masa aiki, bakinsa ne kawai ke magana. Wasiƙar Ibraniyawa sura 12, bayan ta gama bayyana alherin sabon alkawari, ta ce a yi wa Allah sujada da ladabi da girmamawa. Ɗan kirki yana shiga ɗakin mahaifinsa ba tare da fargaba ba, amma ba ya shiga da raini.

To, mene ne namu? Kowa ya fara da kansa, da tambaya guda: da za a tabbatar mini babu wanda zai sani, babu kuma hukuncin da zai biyo baya, wace doka ce zan fara karyawa? Amsar takan nuna wurin da tsoro ne kaɗai ke riƙe da mu. Idan mun gano wurin, kada mu yi ƙoƙarin matso ƙauna da ƙarfin tsiya, domin ba a yin ta da dole. Yohanna ya ce ƙaunarmu amsa ce ga wadda Allah ya fara nuna mana. Hanyar ita ce a koma a daɗe ana duban abin da aka yi mana a kan gicciye, cikin karatu da addu'a da cin Jibin Ubangiji da hankali. Matar da ta wanke ƙafafun Yesu da hawayenta a Luka 7 ta yi ƙauna mai yawa ne domin ta san yawan abin da aka yafe mata. Mai masaukin, Saminu Bafarisiye, yana ganin nasa bashin kaɗan ne, shi ya sa ko ruwan wanke ƙafa bai bayar ba.

Wanda ya duba ya ga har yanzu bawa ne a zuciya, kada ya karaya. John Wesley, wanda ya kafa tafarkin Methodist, an naɗa shi ma'aikacin ikilisiya, ya yi azumi da addu'a, har ya ƙetare teku zuwa Jojiya a Amurka aikin bishara, duk da haka ba shi da salama. Sai a daren 24 ga Mayu 1738, a wani taro a titin Aldersgate da ke Landan, yana sauraron ana karanta gabatarwar Luther ga wasiƙar Romawa, ya sami tabbacin cewa an ɗauke zunubansa shi kansa. Daga baya ya kwatanta shekarunsa na farko da bangaskiyar bawa, ba ta ɗa ba. Bai ce shekarun banza ba ne, kuma biyayyarsa ba ta ragu ba bayan wannan dare. Ya ci gaba da wa'azi sama da shekara hamsin.

Nauyi mafi girma yana kan iyaye, domin a gida yaro ke fara zana kamannin Allah a ransa. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan gaskiya ne, kuma horo wajibi ne. Amma mu lura da abin da ke fita daga bakinmu. Yarinya ta ɗauki canjin cefane ta sayi alewa, uwa ta ce, "Allah zai ƙona ki a wuta." Abin da yarinyar ta koya shi ne ta ƙara iya ɓoyewa. Da uwar ta zaunar da ita ta ce, "'Yata, kuɗin nan na miyan gidan nan ne, kin ɗauki abin da ba naki ba, Allah da ke ƙaunarki bai ji daɗi ba, ni ma ban ji ba. Gobe za ki mayar daga kuɗin tararki," da ta hore ta, ta kuma bar mata ƙofar dawowa a buɗe. Yaron da ya san zai iya cewa "Baba, na yi laifi" ba tare da an yi masa korar kare ba, shi ne zai girma ya iya durƙusawa ya faɗa wa Allah haka.

Malaman makarantar Lahadi su riƙa koyar da labarin fitowa daga Masar kafin su kai ga dokoki, kuma duk dokar da suka koyar su nuna wa yara wanda take karewa: dokar hana sata tana kare gumin maƙwabci, ta hana shaidar zur tana kare mutuncin wanda ba ya nan. Masu wa'azi kada su daina faɗin hukunci, yana cikin Littafi. Su dai tabbata cewa mai sauraro ya fita da sanin inda zai gudu ya sami mafaka.

Sai batun horon ikilisiya, wanda dattawa ke ɗauke da shi. Idan aka sa ɗan'uwa ƙarƙashin horo, aka dakatar da shi daga Jibin Ubangiji ko daga hidima, manufar ita ce a maido shi. Amma sau nawa ake sanar da horon a gaban jama'a, sannan wata shida su wuce ba dattijon da ya taka ƙafa zuwa gidansa? Masu kallo daga benci suna koyon darasi, kuma darasin shi ne kada ka yarda a sani. Haka zunubi ke komawa ƙarƙashin ƙasa. Bulus a Galatiyawa 6 ya ce a maido da wanda ya faɗi cikin tawali'u, a 2 Korintiyawa 2 kuma ya roƙi ikilisiya ta yafe wa wanda aka hora ta ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Saboda haka duk majalisar dattawan da ta yanke wa mutum horo, ya kamata a zaman nan ɗaya ta naɗa wanda zai riƙa ziyartarsa, ta kuma sa ranar da za a sake duba maganarsa.